Manoman Tungar Anza a Ordinatar Salisu

Har yau in na tuna da Salisu mai situdiyo sai in ji raina ya ɓaci. Mutum ne mai fara'a, ban hana shi wannan ba, amma da fara'ar tasa ya cuce ni. Sunana Tabawa, ina koyarwa a wata lakwal a unguwar Bobiel, nan Yamai, kuma ni ƴar Tungar Anza ce, wani ƙauye can bayan Tawa.

Kawuna Isaka shi ne mai gangar noma na garinmu. In an yi gayya, shi ke bin manoma a baya yana kiran kowa da sunansa da sunan gonarsa: wane mai gonar bakin fadama, wane mai gonar gawo uku. Daminar da ta gabaci yunwar nan na je gida hutu, na tarar ana gayya. Na zo da ƴar na'urar ɗaukar murya mai cin kati, sai na bi su cikin gona tun hantsi har azahar. Ban bar komai ba: ganga, ƙarar hauya, ihun maza in an kira sunansu, guɗar matan da suka kawo fura. Mutum arba'in da ɗaya Kawu ya kira ran nan. Bayan sati uku ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye.

Da na dawo Yamai na kai katin wurin Salisu a unguwar Maourey, ɗaki guda ne bayan shagon wani tela, an lulluɓe bangon da kwalin ƙwai. Na ce ya rage mini ƙarar iska, ya jera su, ya fitar mini da faifan sidi. Ya soka katin a ordinatar, wato kwamfuta, ya jawo muryoyin, ya yayyanka, ya ba kowane manomi launinsa da sunansa a kan allo. Ya kunna mini wani wuri na saurara. Sannan ya zare katin ya miƙo mini.

"Madam, ga katinki. Na adana furojen aikinki, komai yana ciki. Ki dawo bayan sati biyu."

"Ka tabbata, Salisu?"

"Haba madam! Yau na fara aikin nan?"

Sati biyu ya zama wata shida. Yau babu wuta, gobe ya kwashi lasifika ya tafi taron siyasa, jibi yana ɗaukar biki a Saga. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, aka yi kwanaki kowa kunnensa na kan rediyo. A tsakanin nan aka kawo wa surukata ƴar rediyo mai cin kati, ta ce tana son tafsiri, ta ji ina da kati ajiye. Wace ce za ta dubi surukarta ta ce mata a'a? Na ɗauki katin na kai wa masu zuba karatu a bakin kasuwa. Mutumin ya ce, "Hajiya, ya cika. In goge?" Na ce goge mana, ai yana situdiyo. Da bakina na faɗa.

Zuwa bazara rabin Tungar Anza ta zubo Yamai. Suna kwana a kangayen Bobiel, gidajen da masu su ba su gama ginawa ba. Mata na wanki da daka a gidajen mutane, maza na tura kurar ruwa, mutanen da na sani da rumbu uku-uku! Kawu Isaka ma ya zo ya sauka a wurina, da gangarsa a cikin buhu. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Tabawa, ina kiɗanmu?" Na yi musu alkawari: ran Juma'a bayan la'asar, a tsakar gidana, kowa zai ji sunansa da gonarsa.

Ran Laraba na tsare Salisu a situdiyo, na ce ƙafata ba za ta fita ba sai da sidi. Ya yi dariya, ya nemo furojen ya buɗe. Sai wani akwati ya fito a tsakiyar allo da dogon jerin rubutu na Faransanci. Ya rufe, ya sake buɗewa, akwatin ya dawo. Ga launukan nan duka, ga sunayen manoma a jere, har zanen hawa da saukar muryar Kawu yana nan. Ya danna, layi ya fara tafiya a kan zanen, lasifika ta yi tsit.

"Madam, ina katin nan?"

"Wane kati?"

"Wanda kika kawo. Ordinatar tana neman shi."

Na ce ya yi mini magana yadda zan gane. Yana sosa ƙeya ya ce shi furoje tamkar takardar jeri ce: yana tuna inda kowace murya take, da inda aka yanka ta, amma muryoyin kansu suna can inda aka jawo su. Wai lokacin jawowa ordinatar tana tambaya ko a kwafe su cikin dosiye, wato ma'ajiyar aikin. Shi kuwa ya saba danna a'a.

"Don me?"

"Cikinta ya cika, madam. Ba wuri."

"Ya cika da me?"

Da bai nuna mini ba da ya fi. Dosiye bayan dosiye, duk waƙoƙin jam'iyyu. Wannan na yabon ɗan takara, wancan na zagin abokin hamayyarsa, wata waƙar ma kwafi huɗu. Tun da sojoji suka hau ba wanda ya sake kunna ko ɗaya, masu su wasu sun ɓuya, wasu sun tsallaka iyaka. Su ne ya kwafa da kyau, ya jera, ya adana. Manoman garinmu kuwa ba su samu wurin tsugunawa ba.

Kai, ran nan na yi faɗa! Na ce mishi ya ji kunya. Na ce ka miƙo mini kati da hannunka, ka ce komai yana ciki, kalma ɗaya ta gagare ka: madam, kar ki goge? Na ce ko mai wanki in ya karɓi kayan mutum ya san inda ya shanya su. Telan gaba ya leƙo yana ce mini "kala suru" da Zabarmanci, wato sai haƙuri. Na ce ya koma kan kekensa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ina zagin Salisu ina jin muryata a bakin kasuwa tana cewa goge mana.

Na je na karɓo katin wurin surukata, da ƙyar na haɗa mata dalili. Salisu ya yi ta tono har la'asar. Tafsiri ya hau kan komai.

"Ai mai gangar yana da rai," in ji shi, fara'ar ta fara dawowa. "Ki kawo shi gobe mu sake. Har ya fi na da tsabta."

Ran Alhamis na kawo Kawu. Ya zauna a tabarma, ya ɗaure gangarsa, aka kafa mishi mikiro. Salisu ya ce zai riƙa karanto sunayen daga allo yadda suke a jere, Kawu na bi.

"Halidu mai gonar bakin fadama."

"Wuce shi," in ji Kawu.

"Abdulaye mai gawo uku."

"Allah ya jiƙansa. Wuce."

"Harouna na tudu."

"Wuce."

Na ce, "Kawu, mene ne haka? Halidu fa yana nan Bobiel, jiya ya kawo mini ruwa."

"Ya saida gonar, ɗiyata, ya ci da iyalinsa. Harouna ma haka. Ba a kiran mutum da gonar da ta fita hannunsa. In na kira shi ba kirari na yi mishi ba, zambo ne. Da wane ido zai saurara gaban matarsa?"

Na roƙe shi. Na ce ba sabon abu za mu yi ba, abin da ya faɗa ran gayya kawai zai maimaita, don a ajiye.

"Ran nan gaskiya na faɗa," in ji shi. "Wancan ɗin da kika ɗauka kowa zai iya ji, don ran nan gonarsa ce. Yau in na buɗe baki ƙarya zan yi."

Salisu ya ci gaba da karatu, muryarsa na raguwa, Kawu na cewa wuce. Cikin arba'in da ɗaya, mutum uku ya yarda da su. Ya buga musu ganga da duk ƙarfinsa, ya kira su, ya ɗora tafinsa a kan fata. Bai cika minti biyu ba.

Ran Juma'a tsakar gidana ta cika har zaure. Wasu sun yi aron riga. Na so in yi bayani tukuna, na fasa, sai kawai na kunna sidin. Ganga ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, maza suka gyara zama. Suna na farko, na biyu, na uku, sai shiru. Kawu yana gefe, kansa a sunkuye.

Halidu, da ke zaune gaba-gaba da ƴaƴansa, ya ɗaga kai ya dubi fitilar bango, sannan ya dube ni.

"Tabawa, wutar ce ta ɗauke? Ba komai, mu jira. Ai ba a zo kaina ba tukuna."