Hoton da Ya Ƙi Tsayawa

Sabuwar na'urar ganin ƙananan abubuwa da jami'a ta sayo tana da wani hali: ƙasa na ɗan girgiza, sai hoto ya kama rawa. Ɗalibar Farfesa kuwa hoto ɗaya take nema, na wata tsaga a jikin guntun ƙarfe, wanda in babu shi ba za a karɓi bincikenta bana ba.

Farfesa, da ya yi shekaru yana fafutukar a sayo na'urar, ya kasa zama. Kai-kawo yake yi tsakanin taga da ƙofa, ga shi mutum mai jiki. Ya sa aka kashe fanka. Ya leƙa baranda ya kori masu shara. Ya aika a kashe janareto, aka tuna masa cewa shi ke ba na'urar wuta.

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Malam," in ji ta, idonta na kan takalmansa.

Ta rasa yadda za ta ce wa mai sa hannu a digirinta ya tsaya wuri ɗaya. Sai ta miƙe ta ja masa kujera.

"Idona bai kai naka ba, Malam. Ko za ka duba?"

Ya zauna. Tsagar ta fito a allo tas.

"Kin gani ko, 'yata? Abin sai gwani."

"Haka ne," ta ce, ta zura hannu ta gefensa ta adana hoton, domin har ya dafa gwiwa zai tashi.