Waken Da Aka Hana Ruwa

Ranar da Malama ta shigo aji uku da kwali cike da gwangwanayen madara, ta ce yau kowa manomi ne, ajin ya kaure da ihu sai ka ce an soke jarrabawa. Kowane yaro ya samu gwangwani da aka huda gindinsa da ƙusa, da ƙasa, da ƙwayar wake biyu. Aka manna sunaye, aka jera su a bakin taga. Sai gwangwani ɗaya da Malama ta riƙe a hannu tana duban ajin.

"Wannan ba za a zuba masa ruwa ba, ko ɗigo," in ji ta. "Da shi za mu nuna cewa iri ba ya tsirowa sai da ruwa. Ranar da iyayenku za su zo ganin aikinmu, mai wannan gwangwanin ce za ta tsaya gabansu ta yi bayani. Ina neman mai jin magana."

Hannaye suka tashi, har da masu hawa benci. Malama ta tsallake su duka ta kira Firit.

Firit ita ce mafi ƙanƙanta a ajin, daga nan sunan ya bi ta. Shekararta uku a makarantar ko allo ba a taɓa sa ta gogewa ba, kuma ba don ta yi wani laifi ba, mantawa kawai ake yi da ita. Ta karɓi gwangwanin da hannu biyu. Da aka tashi, da gudu ta isa gida. Babanta direban bas ne, ba kasafai yake samun hutu ba, amma da ya ji labari sai ya ce zai roƙi abokin aikinsa ya karɓe shi ranar.

"Ƴata za ta yi jawabi ina can ina fama da fasinja? Haba!" in ji shi.

Aikin nata bai da wuya, ai kowa ya iya ƙin zuba ruwa. Kullum da safe sauran yara su yi layi da kofi, suna ture-ture suna jiƙa wa juna takalma, ita kuwa ta tsaya gaban nata ta harɗe hannu. Abin da ya ɗan ɗaure mata kai shi ne me waken ya yi aka hana shi sha, amma ba ta tambaya ba.

Rana ta biyar, gwangwanin Firit ne ya fara tsirowa.

Kai! Ba ma ɗan tsiro mai kunya ba, ƙato ne, ya lanƙwaso wuya ya ɗago ƙasa. Na monita, shugabar ajin, ko alama babu. Na wasu ya ruɓe saboda sun cika masa ruwa. Malama ta daɗe tana kallonsa, ta gyara tabarau, sannan ta ce wataƙila ƙasar ce da danshi tun farko. Aka zubar, aka shanya sabuwar ƙasa a rana wuni guda har tana ƙona hannu, aka sa sabon wake. Firit ta ari jan alƙalami ta rubuta KADA A ZUBA RUWA da manyan baƙaƙe, ta manna a jiki. Ta daina fita tara, lokacin hutu. Yara na can suna tsalle-tsalle a fili, ita tana zaune ita kaɗai a aji tana gadin busasshiyar ƙasa.

Bayan kwana biyar ya sake fitowa, wannan karon ma duka biyun.

Malama ta tura yatsa cikin ƙasar. Sama a bushe, ƙasa kuwa jiƙe sharkaf. Ta ɗago yatsan ta nuna wa ajin.

"Wa ya zuba?"

Monita ta miƙe ta ce ita dai ba ta ga kowa ba, kuma babu mai zama kusa da shi sai mai shi.

"Firit, zo nan. Ke kika zuba?"

"A'a, Malama."

"To daga sama ya sauko? Ko waken ne yake tafiya famfo da kansa?"

Ajin ya fashe da dariya. Malamar nan ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya, amma littafi ya ce iri ba ya tsirowa babu ruwa, kuma tsakanin littafi da yarinya ƴar shekara takwas, ai ka san wanda za ta gaskata. Ta sassauta murya ta ce ta san tausayi ne, ba komai, duk yaro yana son ya ga nasa ya yi kore kamar na kowa. Abin da ba ta so shi ne ƙarya. Za a sake sau ɗaya tak. In ya kuma tsirowa, monita ce za ta yi bayanin.

Firit ta koma wurin zamanta kanta a kulle. Ga yara can ana yi musu faɗa don nasu bai fito ba, ga ta nan ana yi mata don nata ya fito. A gida babanta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tunda yake bai taɓa jin manomin da aka tuhuma da laifin yabanya ta yi kyau ba. Mamanta ba ta yi dariya ba. Ta dakatar da keken ɗinkinta, ta jawo ta jikinta.

"Faɗa mini ni kaɗai, ba mai ji. Kin zuba ko?"

Wannan ya fi dariyar aji ciwo. Tunda har Mama ta tambaya, sai ita ma ta fara tambayar kanta. Ko ta zuba ne ta manta? Ko kukan da ta yi ranar nan a kansa ne, hawaye ai ruwa ne? To na farkon fa, da ba ta yi kuka ba? Ko numfashinta ne? Washegari da aka yi shuka ta uku, ta koma gadi daga nesa, in za ta leƙa sai ta toshe hanci da baki. Ta daina zuwa da gorar ruwanta makaranta gaba ɗaya, ta wuni da ƙishi, don dai kada a ce.

A kwana na uku, babanta zai fita da wuri, mamanta kuma za ta kai ɗinki, sai ya ajiye ta a ƙofar makaranta tun kafin maigadi ya gama buɗe ƙyaure. Ba kowa a fili. Ta nufi ajinsu ta tarar da ƙofa a buɗe.

Iya mai shara ce a ciki. Tsohuwa ce mai ɗan doro, wadda ke share ajujuwa kafin kowa ya zo, yawancin yaran ma ba su taɓa lura da ita ba sai dai su tarar da aji fes. Ta jingine tsintsiyarta da bango. A hannunta akwai murfin buta, tana tsiyaya ruwa a hankali ta gefen gwangwanin Firit, daidai saman jan rubutun nan.

"Iya!"

Tsohuwar ta zabura, sannan ta saki murmushi. "Au, naki ne, jikalle? Allah sarki. Kullum in na zo sai in ga na kowa a jiƙe, wannan kaɗai a bushe ƙamas, an ture shi gefe guda. Na ce wannan ko na wace baiwar Allah ne da ba a bari ta kai ga kofi. Sau biyu ina raya miki shi, sau biyu wasu marasa imani suna tumɓukewa. Na ce to mu zuba, ni da su."

Firit ta nuna takardar da yatsa. "Iya, ai an rubuta…"

"Sunanki ne ko? Na ga da ja aka yi shi, ya fi na kowa kyau." Ta goge bakin gwangwanin da gefen zanenta. "Ni ban yi makaranta ba, amma shuka kam na san ta. Kin ga, ta gefe ake zubawa, kada a tone irin. Jibi war haka za ki ga kansa."

Ta ɗauki tsintsiyarta, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta rage murya.

"Amma don Allah kada ki faɗa wa Malama. An hana ni taɓa kayan aji. Tun da na kwashe wasu takardu a ƙasa na zubar, ashe aikin yara ne, Hedimasta ya ce in na ƙara sai dai in nemi wani wurin. Wannan tsakanina da ke ne, kin ji?"

Firit ta gyaɗa kai, don ba ta san me kuma ake yi da kai ba a irin wannan hali. Ta zauna ta rasa abin da ke mata daɗi. Ga amsar da ta yi kwana da kwanaki tana nema ta samu, kuma ba ta da inda za ta kai ta. Ta yi tunanin juye ƙasar ta sa busasshiya, to ina za ta samo wake? In ma ta samu, gobe Iya za ta dawo da butarta. Tana cikin wannan saƙa da warwara yara suka fara shigowa.

Malama ba ta jira tsiro ba. Tana ajiye jaka ta wuce taga ta tura yatsa. Ta goge yatsan da hankici.

"Firit. Zo gaban allo."

Ta fito. Ta ƙofa tana hango Iya a baranda, a duƙe, tana tara shara.

"Ba zan dake ki ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, kuma daga ita ba zan sake ba. Wa yake zuba ruwan nan?"

Firit ta tuna babanta ya riga ya roƙi abokin aikinsa. Ta ji ƙarar tsintsiya a kan siminti, shar, shar, tana matsowa. Wallahi ta so ta faɗa, maganar har ta zo bakinta.

"Ni ce, Malama."

Malama ta sauke ajiyar zuciya, fuskarta ta washe kamar an sauke mata kaya.

"Yauwa! Ai na sani tun farko. Da kin faɗa tun ran nan da duk ba a sha wannan wahalar ba." Ta dafa kanta, ta juya ga ajin. "Bayani dai monita ce za ta yi, alkawari alkawari ne. Amma ku duba nan. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya gaban jama'a ya faɗi gaskiya. Ina so kowa ya yi koyi da ita. A tafa wa Firit!"

Aka tafa. Tunda ta shigo makarantar nan ba a taɓa tafa mata ba sai yau. Ta tsaya gaban allo hawaye na bin kumatunta, ta rasa wanne ne laifin wanne ne abin yabon, Malama kuwa sai shafa kanta take tana cewa ya isa, ya wuce.

Iya ta ji tafin daga baranda. Ta leƙo, ta ga jikallenta tsaye a gaba, ga gwangwanin a hannun Malama, ga aji duka na tafi. Bakinta har kunne, ta ɗaga mata tsintsiya daga nesa, sannan ta wuce aji huɗu.