Aron Ƙafa

Duk Gyaɗi-Gyaɗi an san Garzali tela da abu biyu: iya fitar da wuyan riga, da kuma "ba komai". Ka taka shi, ba komai. Ka kawo yadi da la'asar ka ce gobe za ka sa, ba komai. Matarsa Kubura ta sha cewa da "ba komai" na dafuwa, da tuni ta buɗe gidan abinci.

Ana tsakiyar azumi, ɗinkin Sallah ya cika shago har ba wurin shimfiɗa sallaya, Garzali ya fito zai tsallaka titi sayen zare. Wani saurayi, Usaid, ya taho a motar babansa, hannu ɗaya a sitiyari, ido biyu a waya, yana laluben amsar da za ta burge budurwa. Bai ga Garzali ba sai da ya ji shi. Ƙafar dama ta karye. Ta dama fa, jama'a, wadda take taka keken ɗinki! Kekensa kuwa na ƙafa ne, irin na da, don ya ce shi ba zai jingina abincinsa da wutar da ba ta da alƙawari ba. Kuma wallahi ana ɗaga shi daga kwalta, yana ganin taurari da rana tsaka, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Ba komai."

Da aka sallamo shi daga asibiti, maƙwabciyarsu Madam Regina, wadda lauya ce, ta shigo dubiya. Ta ja Kubura gefe ta ce wanda ya buge mutum yana danna waya, doka ta ɗora masa magani da asarar aikin da ya jawo. Amma idan mai ƙafa ya ce ya yafe a gaban shaidu, to ita ma ba ta da ta cewa.

Gaban Kubura ya faɗi, don ta san wanda take aure, kuma ta san gobe za a zo ban haƙuri.

"Baban Hanan," ta ce, "likita ya ce sai an koma an sa ƙarfe. Ga kayan mutane jibge. In Sallah ta zo ba ka ɗinka ba, sunanka ya mutu a unguwar nan, mu kuma mu ci me? Don girman Allah gobe ka riƙe bakinka."

Ya ce, "Ba ko..." Ta zare ido, ya haɗiye sauran.

Washegari da hantsi sai ga su daga Tarauni: Alhaji Abdullateef mahaifin yaron, da limaminsu Malam Rabi'u, da Usaid a baya yana ɗauke da kankana kamar ita ce ta yi laifin. Aka zauna a falo, Kubura ta laɓe bayan labule. Malam Rabi'u ya gyara murya. Kai, bawan Allahn nan ya iya magana! Ya kawo ƙaddara, ya kawo falalar yafiya a wata mai alfarma, ya ce ɗa na kowa ne, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Garzali ya fara gumi. Kalmar ta taso masa tun daga ciki, tana neman hanya.

Kubura ta yi tari. Malam ya ci gaba. Ta saki murfin tukunya a ƙasa. Alhaji ya ce, "Sannu, Hajiya," aka ci gaba. Garzali ya dubi yaron nan durƙushe, kai a sunkuye, tun da aka zauna bai ɗago ba, sai tausayi ya kama shi. Irin wannan kunya ai ta ɗan mutunci ce.

"To Malam," ya ce, "ni dai na ya..."

Sai ya hango wani ɗan haske a ƙarƙashin rigar Usaid. Ya ƙura ido. Babban yatsa ne yake ta kai-komo. Har da ɗan murmushi.

Tunda uwar Garzali ta haife shi ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ran nan har masu wanki a maƙwabta sai da suka tsaya.

"Akwai komai! Wallahi akwai komai! Alhaji, dubi ɗanka. Ƙafata tana nan kamar taɓarya, shi yana hira!"

Alhaji ya ɗaga rigar yaron, ga waya. Kunya ta rufe shi, ya fizge ta ya rasa inda zai sa, sai hannun Kubura ya fito daga labule, ya miƙa mata. Malam Rabi'u ya shiga jan carbi, bai ƙara kawo ko aya ɗaya ba.

"Faɗi abin da kake so," in ji Alhaji.

"Asibiti naka ne har in taka. Sannan ɗanka ya karɓe mini ƙafa ana tsakiyar aiki, sai ya ara mini tasa zuwa Sallah."

Aka kira Madam Regina ta rubuta, kowa ya sa hannu. Ta ce tunda take aiki ba ta taɓa rubuta aron ƙafa ba.

Haka aka yi. Bayan an sa ƙarfen, aka ajiye wa Usaid kujera a ɗaya gefen keken, suna fuskantar juna. Garzali na riƙe da yadi, Usaid na takawa. Ranar farko ya taka da ƙarfi kamar totur, aka ɗinke hannun rigar wani ɗan sanda da aljihu. In ya waiga kallon titi, allura ta karye, Garzali ya ƙwala masa abin awo a gwiwa: "Ido a hanya!" Mata masu zuwa karɓar ɗinki suka samu abin kallo, wasu ma ba su da ɗinkin. Wayar kuwa tana cikin bokitin gero, Kubura ta ce a can ta fi samun hutu.

Sai dai mai taka keke dole ya riƙa duban ƙasa, kuma a ƙasan nan, dab da tasa, ƙafar Garzali take miƙe a kan kwali. Kullum yana ganinta. Ya ga yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Ya ga yadda mutumin yake cije leɓe in teburin ya girgiza, ya kuma ga yana sallah a zaune. Ya ji ranar da Kubura take faɗa wa wata cewa likita ya ce ko ya warke zai riƙa ɗingishi.

Ranar jajiberin Sallah, saura riga ɗaya, keken ya tsaya cak. Garzali ya ɗago zai yi faɗa, sai ya ga yaron yana kallon ƙafar, hawaye na zuba a kan shaddar mutane.

"Baba," ya ce, "don Allah ka yafe mini."

Ba liman, ba kankana. Garzali ya waiga ƙofa ko Kubura na kusa, ya ga ba kowa.

"Na yafe, ɗana," ya ce a hankali. "Amma da komai, ka ji? Kada ka manta da komai. Share fuskarka, shaddar nan ba ta son ruwa. Taka mu je."