Tutiyar Mai Gwangwan

"Ka ba ni gwangwani ɗaya na gutsuren ƙarfen tutiya, ka kwashe karyayyun kujerun bayan aji," in ji malamin kimiyya.

Mai gwangwan ya ce, "Malam, ai ko ɗan'uwana ba zai samu wannan ba." Suka tafa.

Sufeto ne zai zo duba aikin malam, kuma ƙarin girman da malam ya shekara shida yana jira yana rataye a bakin alƙalamin mutumin. Da safe sufeto ya iso, malam ya raba ɗalibai biyar-biyar, ya ce su zuba ƙarfen a kwalba, su tsiyaya asid. Ya kumbura ƙirji ya ce iskar haidurojin za ta fito, ba launi, ba wari.

Kwalabe suka hau kumfa. Sai wani ɗoyi ya tashi, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a masai. Ashe rabin kayan ba tutiya ba ce, ɓarɓashin tsohon bututun ban-ɗaki ne, malam bai ko wanke ba. Wata ɗaliba ta kelaya amai a kan teburi.

Sufeto ya toshe hanci da hularsa. "Malam, wannan ce marar warin? To Allah ya raba mu da mai wari!" Ya yi rubutunsa a tsaye, daga bakin ƙofa.

Mai gwangwan ya ci riba, ya rabu da ƙazantarsa. Malam ya rasa ƙarin girma, shi ya kuma goge aman.