Baƙo Ba Ya Buɗe Tukunya

Ranar da zan bar ƙauyenmu, can bayan Bagwai, na sha nasiha har ta fi jakata nauyi. Ina da shekara goma sha shida, na ci jarrabawar wani shiri da ke kai ɗaliban sakandare Amurka su zauna a gidan wasu mutane shekara guda, suna zuwa makaranta da 'ya'yan can. Baba ya sha surutu kafin ya bar ni. Yayansa, Kawu Uwaisu, har a ƙofar masallaci ya ce yaron nan zai dawo ne ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Baba ya ce ya ji, amma zan tafi.

Inna kuwa ɗaki ta ja ni.

"Ikrima, gidan mutane za ka," ta ce. "Kada in ji an ce ɗana makwaɗaici ne. Abin da aka ba ka shi ne naka. Baƙo ba ya buɗe tukunya."

Ban ga abin wahala a ciki ba. A gidanmu baƙo ba ya ma samun sararin jin yunwa. Lokacin cirar gyaɗa, idan mutane suka zo taya mu, Inna takan cika kwano da tuwo, baƙo ya ci rabi ya ce Alhamdu lillahi. Sai ta ce, "Wane irin ƙoshi? Ko miyar ce ba ta yi maka ba?" ta ƙara masa malmala biyu yana rantsuwa. Aikin baƙo ya ƙi, aikin mai gida ya tilasta. Na ɗauka haka duniya take ko'ina.

Garin da aka kai ni ƙarami ne, tsakiyar gonakin masara iya ganinka, masarar da ba wanda ke gasawa. Matar gidan sunanta Linda, nas ce a asibiti, 'ya'yanta sun girma sun watse, mijinta ya rasu. Mutuniyar kirki ce, in na ce ba haka ba Allah zai kama ni. Kafin in iso ta saya mini dadduma, ta nemo inda alƙibla take, ta fitar da naman alade daga gidanta.

Cin abincinmu na farko ta zuba mini taliya da kaza, ɗan abin da ko ƙanwata ba zai riƙe ta ba. Na ci na rage kaɗan saboda kunya. Ta ce in ƙara? Na ce a'a, na gode, na ƙoshi. Na gyara zama ina jiran ta ce wane irin ƙoshi.

Murmushi ta yi, ta ɗauke farantin. Sauran taliyar ta juye a roba ta sa a firij. Na bi robar da kallo har ƙofar ta rufe.

"Nan gidanka ne," ta ce, tana dafa firij ɗin. "Duk lokacin da ka ji yunwa ka buɗe ka ɗauka."

Na ce to. Ai mu ma muna cewa baƙo gida naka ne, amma ban taɓa ganin wanda ya ji haka ya tashi ya shiga rumbu ba.

Washegari haka aka yi, jibi ma haka. Ta tambaya sau ɗaya, in ƙi, ta yarda. Ban taɓa ganin mai saurin yarda da magana irin Linda ba. Na yi niyya sau da yawa in ce eh, amma idan ta tambaya sai bakina ya riga ni. A makaranta ana ba da abincin rana, sai dai ban san wane nama ne a ciki ba, don haka burodi nake ɗauka da tuffa da madara. Ranakun da Linda ke aikin yamma babu ma girkin. Ta bar ni da firij cike, ta tafi hankalinta kwance.

Da ƙanƙara ta fara zuba sai gidan ya zame mini kurkuku. A ƙauyenmu ko an hana ka tuwo ba ka rasa abin sawa a baki. Ka bi ta gona ka tuge gyaɗa, ka leƙa gidan gwaggonka, ka tsaya wurin mai ƙosai. A nan babu mai talla, babu maƙwabcin da ake shiga gidansa, kanti kuwa sai da mota. In leƙa taga in ga fari fat, in juyo in ji firij yana gurnani a kicin. Ruwan famfo na dinga ɗurawa. Wandona ya fara zamewa, na samu ƙusa na ƙara wa bel ɗina huji.

Ran Juma'a Yaya Aina'u takan kira ni da wayarta, ta buɗe murya kowa ya ji. Ina jin kukan awaki da sallamar masu shigowa, ina jin tarin Kawu Uwaisu a gefe.

"Suna dai ba ka abinci ko?" in ji Inna.

"Sosai ma, Inna."

"Ka gani ko," in ji Baba, ba da ni yake ba, da Kawu yake.

To a gaban wannan taron zan ce yunwa nake ji? In na faɗa, kafin la'asar labari ya kai kasuwar Bagwai.

Wata rana ana guje-guje a makaranta jiri ya ɗebe ni na faɗi. Nas ɗin makaranta ta ɗora ni a sikeli, ta dubi abin da aka rubuta lokacin da na zo, ta kira waya. Da yamma sai ga jami'ar shirin namu, Madam Ruth, a falon Linda. Ta yi mini magana a hankali kamar mai lallashin maraya. Ta ce sun saba gani, kewar gida takan hana yaro cin abinci. Za a sake auna ni ƙarshen wata. Idan ban farfaɗo ba, dole a mayar da ni gida don lafiyata.

"Komai na ba shi sai ya ce ya ƙoshi," in ji Linda, idonta ya kawo ruwa. "Ina jin ba ya son gidana ne."

Ta yaya zan buɗe baki a gaban baƙuwa in ce matar da ta saya mini dadduma tana barina da yunwa? Wannan ai tonon silili ne. Na ce ina son gidan, lafiyata ƙalau.

Sai Madam Ruth ta juya ga Linda ta ba ta shawarar masana.

"Kada ki matsa masa. Matsi ƙara ɓata abin yake yi. Ki bar shi ya nema da kansa."

Wallahi na ji kamar in kurma ihu. Abu ɗaya da zai cece ni shi aka hana. Daga ranar Linda ta daina ko tambayar nan guda ɗaya. Ta ajiye mini faranti, ta kau da kai don kada in ji an takura mini, ita a ganinta kirki ke nan. Na ji haushinta, na ji haushin Inna, na fi jin haushin kaina.

Ƙarshen wata ya matso. Ran Asabar da safe na sauko na tarar da ita cikin kayan aiki, makullin mota a hannu. Kwana na yi ina ganin kaina ina sauka daga bas a tashar Bagwai shekara ba ta raba ba, ƙashin wuya a waje. Ina ganin Kawu Uwaisu yana cewa sannu da zuwa da wannan muryar tasa, Baba kuma yana bin bayan sahu a masallaci don kada a haɗa ido da shi.

"Madam Linda," na ce.

Ta juyo.

"Ina jin yunwa."

Tunda aka haife ni ban taɓa faɗa wa kowa wannan maganar ba sai Inna. Gumi ya keto mini a cikin wannan sanyi. Na sunkuyar da kai ina jira ta ajiye makulli ta kunna murhu, ta zaunar da ni, ta tsaya a kaina.

Tafi ta yi don murna.

"Kai, madalla! Na ji daɗi! Akwai shinkafa da kaza a firij, ka ci duk abin da kake so."

Ta dubi agogo ta fita. Na ji motarta ta bar ƙofar gida.

Na daɗe a tsaye kafin in kama marikin firij ɗin. Na jawo robar shinkafa. Ban ɗumama ba, ban nemi cokali ba, ban ko zauna ba. A tsaye na ci da hannu, shinkafa mai sanyi kamar tsakuwa, hawaye na zuba a ciki, kunnena na ƙofa. Na cinye tas, na ɗauko kazar ita ma na gama da ita. Cikina ya cika, amma ji nake kamar akuyar da ta faɗa rumbun maƙwabci.

Da Linda ta dawo ta ga robar wayam, har rawa ta taka. Aka auna ni, Madam Ruth ta ce a ƙara mini lokaci. Aka sake aunawa, ta ce magana ta wuce. Ba a mayar da ni gida ba. Kullum sai na buɗe firij, kuma kullum sai na jira Linda ta fita.

Da ƙanƙara ta narke Linda ta ɗauke ni hoto a ƙofar gida, na tura wa Yaya Aina'u. Ina tsaye a kicin da cinyar kaza a hannu saƙon murya ya shigo. Inna ce, muryarta cike da fara'a.

"Ikrima, ka ga kumatu! Na nuna wa kawunka, bai ce uffan ba. Ni na san ɗana, ba ya miƙa hannu ga abin da ba a ba shi ba. In ka yi ƙiba haka, to matar nan ce ta tsaya a kanka. Ka ce mata Allah ya saka da alheri, ta san darajar baƙo."

Na kashe wayar. Na dubi kazar da ke hannuna, na ƙarasa cinye ta a tsaye.