Tarkon da Malam Ya Ɗana wa Atiku

Kowa a Tambuwal ya san maigidana da abu ɗaya: ba ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba. Tun da ya ajiye koyarwa ya kama rubutun da ya sa wa suna Idon Hanya, aikinsa ke nan. Ya hau babur ya zaga Dogon Daji, ya gangara Kebbe, ya ga inda hanya ta lalace, ya ji abin da ke damun masu gero da masu shanu, ya dawo ya rubuta. Duk Alhamis yake tura wa waɗanda suka biya kuɗin wata, kowa a lambarsa ta WhatsApp. Ni nake duba masa kafin ya tura, domin Malam in hannunsa ya yi zafi mantawa yake da aya da waƙafi.

Masu karatunsa ba su da wani yawa, amma sun riƙe shi hannu bibbiyu. In ya ce gada ta karye, ba mai zuwa dubawa, sai dai a canza hanya. Wannan yardar ita ce jarinmu, ba mu da wani abin da ya fi ta.

Sai ɓarawo ya shigo. Malam zai tura rubutu da hantsi, kafin azahar ya gan shi yana yawo a guruf-guruf na kyauta, an yanke sunansa daga ƙasa. Mutumin da na sani da raha ya koma kamar mai gadin rumbu. Ya zargi ɗan ajinsu na sakandare, ya zargi limamin da ke yaba masa, ya zargi wata malamar makaranta don kawai ta cika tambaya. Ranar da ya ɗauki wayata yana jujjuyawa wai yana duba caji, na ce masa in ya gama binciken ya ajiye min ita kan tabarma. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na bari ya gani.

Daga ƙarshe zargin ya tsaya kan Atiku. Atiku abokinsa ne tun suna yara, yana da shagon cajin waya a Kebbe, kuma shi ne mutum na farko da ya fara biyan kuɗin Idon Hanya. Duk Alhamis kafin kowa ya motsa, saƙon muryarsa ke fara shigowa: “Madalla, Mudassir, alƙalami ya yi aiki!” Da can Malam har maimaita saƙon yake yi yana murmushi. Yanzu kuwa sai ya saurara ya taɓe baki.

“Duba nan,” ya ce min, “duk sa'ad da na shiga Kebbe, mutanen da ba su biya ba suna gaya man abin da na rubuta. Wa ka ba su? Kuma shagon wa wayoyin garin ka kwana?”

“Malam, ka ji tsoron Allah. Mutumen da ya ara maka babur wata guda da naka ya lalace?”

“Irinsu na ai. Na kusa shi ka sanin inda ƙofa take.”

Na bar zancen, don na lura in na kare mutum, laifinsa ƙaruwa yake yi a wurin Malam.

Wata Alhamis cikin zafin bazara na duba rubutun kamar kullum, ya tura. Da azahar na gan shi ya shigo tsakar gida fuskarsa a sake, rabon da in ga haka har na manta.

“Ba Atiku na ba,” ya ce.

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Sai ya zauna yana ba ni labari da alfahari. Ashe bayan na gama dubawa, ya ware na Atiku daban, ya ƙara masa sakin layi ɗaya da babu shi a na kowa: wai masu allurar rigakafin shanu za su zo filin bayan garin Kebbe ranar Asabar da safe, kyauta. Babu wasu masu allura, shi ya ƙirƙira. Dabararsa ita ce in wannan sakin layin ya fito a guruf ɗin kyauta, to ya kama ɓarawonsa. Ga shi rubutun ya fito kamar kullum, amma babu zancen allura.

Na ajiye muciyar da ke hannuna. “Ƙarya ka rubuta?”

“Tarko dai.”

“Kira shi yanzu ka gaya mashi.”

“In ce mashi mi? In ce na ɗauke shi ɓarawo? Bari dai. Atiku ko akuya bai da, mi zai yi da labarin allurar shanu?”

Na matsa masa ranar, na matsa masa washegari. Da yammacin Juma'a ya kira sau ɗaya don in ƙyale shi, layin Kebbe ya ƙi shiga, na ga yadda ya sauke numfashi kamar an ɗauke masa kaya. Ya koma yana lissafin wanda zai ɗana wa tarko na gaba.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Muryar Atiku ce, amma babu tsokanar da ya saba yi min ta “uwargida, a kawo fura.” Na kai ruwa bakin ƙofa, na tsaya daga ciki, kuma ba zan ɓoye ba, kunnena na kasa.

Atiku bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai taɓa tura wa kowa rubutun ba, amma duk Alhamis in makiyaya da manoma sun zo karɓar wayoyinsu, yakan karanta musu da baki, saboda yawancinsu ba su karanta boko. Da haka mutanen Kebbe suka san Idon Hanya, da haka ma wasu suka sa 'ya'yansu suka yi musu rajista. Da ya ga zancen allura, murna ta kama shi. Ya rufe shago ya hau babur har rugar Ardo, Ardo kuma ya aika sauran rugage.

“Sun koro shanu tun da asuba, Mudassir. Wasu daga nesa ƙwarai. Munka tsaya filin nan rana na dukan mu, ba ruwa, ba ciyawa, maruƙa na kuka. Duk wanda yac ce a watse, ni nika hana shi. Ina ce masu ku yi haƙuri, mutumen ga bai ƙarya.”

Atiku ya ci gaba.

“Da rana ta karkata, Ardo ya kira ni gaban jama'a, yac ce in sake karanta mashi. Na karanta. Sai wani malamin makaranta da shi ma yaka biya ya buɗe tashi wayar, yac ce shi bai ga wanga zance ba. Munka jera wayoyin. Babu.” Sannan ya ce, “Na kwana ina neman yadda zan ce kuskure na. To kuskure bai zaɓen mutum guda. Ni ɗai ka rubuta ma shi. Don mi?”

Na ji Malam ya fara wata magana a kan ɓarayin rubutu, bai kai ƙarshe ba. Kunya ta rufe ni a inda nake tsaye, kamar ni na yi.

“Da ka tambaye ni,” in ji Atiku, “da na miƙa maka wayata ka duba. Yanzu ba mai kawo caji shagona daga rugage. Wannan zai wuce. Amma ran Alhamis, in sun ce in karanta masu, da wane baki?”

Ya tashi ya tafi. Ruwan da na kai yana nan yadda na ajiye shi.

Malam ya je Kebbe a satin, ya je har rugar Ardo ya ba da haƙuri. An karɓe shi da mutunci, an shimfiɗa masa tabarma, an ce ba komai. Da ya fara ba su labarin wata cutar shanu da ya gani da idonsa a hanyar Dogon Daji, Ardo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce to, za su aika wani ya dubo.

Alhamis ta zagayo. Malam ya rubuta, na duba, ya tura wa kowa iri ɗaya. Kafin azahar ɓarawon ya saki rubutun a guruf ɗin kyauta kamar yadda ya saba, har yau ba mu san ko wane ne ba. Malam ko dubawa bai yi ba. Yana zaune bakin ƙofar ɗaki da waya a hannu, ya buɗe kan sunan Atiku, yana jiran saƙon murya. Na kawo masa abinci, na dawo na ɗauke shi ya huce, wayar tana hannunsa.