Siminti a Rumbu

Damina uku Saloma tana kallon ruwa yana cin kabarin mijinta. Gidansu na can gefen Rikoto, a gangaren dutse, kuma a bayan gida aka binne shi kamar yadda ya roƙa. To, ruwan da ke saukowa daga dutse ba ya tambayar wa ke kwance a hanyarsa. Damina ta farko ya shafe tudun, ta biyu ya haƙa rami a wajen ƙafafu, ta uku kuwa ramin ya kai gwiwar mutum. Duk wanda ya leƙa ya san in aka sake yin wata, abin da ke ƙasa zai fito fili.

Mijin nata, Baban Leah, kofur ne na soja. Ya je Saliyo ya dawo da tari, tarin nan ya ƙi barinsa har ya kai shi ƙasa a shekarar 2003. Tun ranar Saloma ta ƙudurta sai ta zuba masa kankare, irin mai faɗin nan da ake rubuta suna a kai. Ba ta da mai yi mata. 'Yarsu Leah tana aure a Kaduna, ita ma da nata fama. Saboda haka duk sanda ta sayar da akuya ko 'yar dawa, sai ta sayi buhun siminti guda, a ɗauko mata a baro.

Ina za ta ajiye? Ai wannan ba tambaya ba ce a wajen matar da ta tashi a gidan noma. Abu mai daraja rumbu ake kai shi. Nan dawa take shekara uku ba ta yi komai ba, ina ga garin dutse, wanda ko ƙwaro ba ya ci? Ta share tsohon rumbun mijinta, ta barbaɗa toka, ta jera buhunan. Duk sanda ta ƙara ɗaya, sai ta kwaɓa laka ta liƙe bakin rumbun, don kada ɓarawo ya gani. Ba wanda ya ce mata kada ta yi, don ba wanda ta gaya wa. Saloma ke nan, ko ciwo take yi sai ta warke za ka ji labari.

Da buhu ya kai goma sha biyu, a bazarar 2006, ta aika garin Bena aka kira Malam Arzika birkila. Dattijo ne mai ƙarancin magana, siminti ya cinye tafin hannunsa har ya tsattsage. Ya zo da cokalinsa na gini da shebur da kwanon sarki. Yashi da tsakuwa kuwa tuni Saloma ta tara su, ita kaɗai ta yi ta ɗaukowa a kai daga rafi har wuyanta ya daina juyawa sosai. Shirin shi ne yau a kafa katako, gobe a zuba kankare, fasto ya dawo daga Kanya ya tsara abin da za a rubuta: muƙami, da shekaru, da ayar Littafi.

Da ta nuna masa rumbu, Arzika ya tsaya yana kallonta. Ya hau ya fasa lakar, ya zura hannu ya ƙwanƙwasa buhun sama da gindin cokali. Ƙarar da ta fito irin ta dutsen niƙa ce.

"Mama, yaushe kinka sa wanga abu nan ciki?"

Ta gaya masa, har da 'yar alfahari, cewa na ƙasan sun shekara uku kuma ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Ya yi mata bayani a hankali cewa siminti ba ya jiran sai an zuba masa ruwa. Raɓar damina ma ta ishe shi, balle ɗanyar lakar da take shafawa. Wata uku ya yi yawa, ina ga damina uku. Suka fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sandare da siffarsa, har da kwaɓin da buhun sama ya yi masa.

Saloma ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan ɗaya daga ciki, ta miƙe ƙafafu. Gajiya ce ta sauko mata, irin wadda ba ta jiki kaɗai ba. Akuyoyinta ne waɗannan, da dawarta, da duk ranar da ta sha kunu ta kwanta. Ta ji kunya kuma, ƙwarai da gaske, don ta san gobe duk Rikoto za a ji. A gabas hadari ya fara haɗuwa kamar yadda yake yi kwana biyun nan.

Da wani birkilan ne, da ya tattara kayansa ya tafi. Arzika ya ɗan zaga kabarin, ya duba ta inda ruwa ke zuwa, ya ce tunda sun zama dutse, a sa su aikin dutse. Su biyu, tsoho da tsohuwa, suka yi ta mirgina buhunan suna nishi. Ya jera su a saman kabarin ta wajen dutse, ya karkata su yadda ruwa zai rabu biyu ya wuce, suka cike ramin da tsakuwa da yashin da ta tara. Ba kyau a ido, gaskiya. Amma ya ce zai riƙe.

Buhun ƙarshe, wanda ta saya da kakar bara, shi ya bari. Ya sa guduma ya fasa shi. A tsakiyarsa akwai ɗan gari da bai gama mutuwa ba. Ya sa ta kawo rariya, suka murje suka tankaɗe, abin da ya fito bai cika kwano biyu ba. Ya kwaɓa, ya shafa a wajen kai, faɗinsa bai wuce faifai ba.

"Babu wurin aya, Mama, babu na muƙami," ya ce, yana riƙe da ƙusa. "Suna kaɗai. Kuma ba shi jiran fasto, yanzu za shi kama. Mi as sunanai?"

"Baban Leah," ta ce.

"Wannan ba shi shiga. Sunanai na yanka."

Ta duba hagu, ta duba dama, babu kowa sai su. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba. A gabansa kunya, a bayansa girmamawa, bayan ya mutu kuma ba wanda ya tambaye ta. Simintin ya fara canza launi ta gefe. Ta motsa leɓe.

"Ban jiya ba, Mama. Ƙara hwaɗi."

Ta share maƙogwaro, ta ɗan sunkuya wajen kabarin, ba wajen birkilan ba.

"Sila," ta ce.